Zan iya haɗa maganin atishawa da na buɗe hanci har hunturu ya wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 47. Duk shekara da zarar hunturu ya kama, ƙura ta taso, sai atishawa da ƙaiƙayin ido da yoyon hanci su sa ni gaba. Ina shan cetirizine ƙwaya ɗaya kullum, atishawar tana lafawa, amma hancina a toshe yake kwana. Mai kemis ya ƙara mini wani maganin mura na ƙwaya, da wani na ɗigawa a hanci da aka rubuta xylometazoline a jikinsa. Yau kusan mako uku ke nan ina haɗa su. Hancin yana buɗewa, amma ba ya jimawa sai ya sake rufewa, barci kuma ya ƙaurace mini. Haɗa su yana da illa? Zan iya ci gaba har sanyi ya wuce? Kuma zan iya ba ɗana mai shekara 4 rabin ƙwaya, tunda shi ma yana fama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba yaron lafiya.

Haɗa maganin alaji da maganin buɗe hanci ba kuskure ba ne a asalinsa. Aikinsu daban-daban ne, kuma kamfanoni sun daɗe suna cura su a ƙwaya ɗaya. Inda gizo ke saƙa shi ne wa'adinsu ba ɗaya ba ne. Cetirizine kana iya shan sa kullum har ƙura ta kwanta. Maganin buɗe hanci na ƙwaya kuwa na 'yan kwanaki ne, kada ya zarce mako guda. Na ɗigawa ya fi shi gajeren wa'adi, kwana uku zuwa biyar. Kai ga shi kana mako na uku da su duka biyun, kuma ina kyautata zaton rabin wahalar da kake sha yanzu daga magungunan take, ba daga ƙurar ba.

Sai ka san abin da ke faruwa a cikin hancin kafin ka gane dalili. A fatar cikin hanci da ta ido akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke ajiye da wani sinadari mai suna histamin. Ga mai alaji, da zarar ƙura, ko garin furanni, ko kashin 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke zama a katifa da matashi ya taɓa su, sai su zazzage shi waje. Histamin ne ke kawo ƙaiƙayi da jerin atishawa da hawaye da majina mai ruwa-ruwa. Magungunan da ake kira antihistamin, irin su cetirizine da loratadine da fexofenadine da Piriton, tare masa mazauni suke yi, ya zo ya rasa inda zai kama. Shi ya sa atishawarka ta lafa.

Toshewa kuwa wani zance ne daban. Mutane da yawa suna zaton majina ce ta cika hancin, alhali ko ka kwana fyacewa ba abin da zai fito. A kowane ɓangaren hanci akwai wasu tsokoki masu laushi da jijiyoyin jini suka cika. Idan jijiyoyin suka buɗe, jini ya taru, sai tsokar ta kumbura ta rufe hanyar iska. Kwanciya tana ƙara tara jinin a kai, shi ya sa abin ya fi tsanani da dare. Kuma ba histamin kaɗai ke kawo wannan kumburi ba. Akwai wasu sinadaran da ke biyo baya bayan 'yan sa'o'i, waɗanda antihistamin ba ya taɓa su. Don haka ko ka ninka cetirizine, hancin ba zai buɗe ba, sai dai ka ƙara wa kanka kasala.

Nan ne maganin buɗe hanci yake shigowa. Aikinsa guda ne: ya tsuke jijiyoyin jini, kumburi ya sace, iska ta samu hanya. Na ƙwaya su ne pseudoephedrine da phenylephrine, na ɗigawa ko fesawa kuma xylometazoline, wanda aka fi sani da Otrivin, da oxymetazoline. Ba ya hana atishawa, ba ya hana ƙaiƙayi. Shi da antihistamin, kowane ɗaya yana toshe giɓin da ɗan'uwansa ya bari, kuma gwaje-gwajen da aka yi na gajeren lokaci sun nuna haɗin ya fi kowannensu shi kaɗai rage damuwar mai alaji. Daga nan aka samu irin su Actifed, mai triprolidine da pseudoephedrine, da Clarinase, mai loratadine miligiram 5 da pseudoephedrine miligiram 120, da waɗanda ake liƙa wa harafin D a ƙarshen sunansu a Amurka, kamar Zyrtec-D da Allegra-D.

Yanzu ka ɗauko kwalin maganin murar da aka ba ka, ka duba inda aka jera abubuwan da ke ciki. Ba ka faɗi sunansa ba, amma galibin magungunan mura da ke kan kantar kemis a ƙasar nan, irin su Procold da Mixagrip, abu uku ne a ciki: paracetamol, da chlorpheniramine, da ɗaya daga cikin masu buɗe hanci. Chlorpheniramine kuwa shi ne Piriton. Ke nan idan irinsu aka ba ka, antihistamin biyu kake sha a rana ba ka sani ba, ga paracetamol da ba ka da buƙatarsa tunda ba zazzaɓi ba ciwon kai. Wanda kuma ya ƙara da Panadol a kai, yana iya haura giram 4 a rana, iyakar da aka gindaya wa babba saboda hanta. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a al'adarmu ta zuwa kemis a ce "a haɗa mini na mura", a ƙullo ƙwayoyi kala-kala a leda ba kwali ba suna. Wanda bai san abin da ya sha ba, ko likita ya je wa sai dai a yi ta lalube.

Antihistamin biyu ba sa ƙara waraka, illa kawai suke ƙarawa, musamman idan ɗayan na tsohon yayi ne. Su na da ɗin, wato chlorpheniramine da promethazine da diphenhydramine da triprolidine, suna ratsawa har ƙwaƙwalwa, su sa gyangyaɗi da bushewar baki da nauyin tunani. Akwai masu cewa ai pseudoephedrine yana wartsakar da mutum, don haka zai kashe barcin da Piriton ke sawa. Kada ka dogara da wannan. Ido yana iya kasancewa a buɗe amma hankali da hannu sun yi sanyi. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Ayowa ta Amurka, aka wallafa a shekarar 2000, an sa mutane tuƙi a na'urar kwaikwayon mota bayan sun sha diphenhydramine miligiram 50, sai tuƙinsu ya fi na waɗanda aka ba giya lalacewa, kuma jin barci ko rashin jin sa bai nuna wanda tuƙinsa ya taɓu ba. Direban mota, da mai adaidaita sahu, da mai aiki da injin niƙa ko na yankan katako, su kiyayi na tsohon yayi da rana. Na zamani sun fi sauƙi: fexofenadine da loratadine kusan ba sa sa barci, cetirizine yana ɗan sa wasu, shi ya sa nakan ce a sha shi da dare.

Rashin barcin da kake kuka da shi kuwa, mai buɗe hancin nan na ƙwaya nake tuhuma. Pseudoephedrine ɗan'uwan ephedrine ne, wanda masanin Japan Nagai Nagayoshi ya tace daga wani tsiron ƙasar Sin a 1885, kuma yana zaburar da jiki ne irin yadda tsoro ko fushi ke yi. Ƙwayar da ka haɗiya ba ta san hanci ba. Duk jijiyar jinin da ta tarar za ta tsuke ta. Sai bugun zuciya ya ƙaru, wani ya ji faɗuwar gaba, wani karkarwar hannu, wani ya kwana ido biyu. Idan aka haɗa da goro da shayi mai kauri da kofi ko lemon ƙara kuzari, abin sai ya ninku. Ƙa'idarsa ga babba ita ce miligiram 60 duk bayan sa'a huɗu zuwa shida, kada a haura 240 a rana, kuma a daina sha tun la'asar idan ana son barci.

Abu ɗaya da ba ka ambata ba, kuma shi na fi son ji: yaushe rabonka da awon jini? A shekara 47, a ƙasar da hawan jini ya yi yawa kuma da dama daga masu shi ba su san suna da shi ba, ba zan miƙa wa mutum pseudoephedrine ba sai na ga awonsa. Gaskiya ne idan aka ɗauki matsakaicin lissafi, abin da yake ƙarawa kaɗan ne. Wani nazari na 2005 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya samu ƙarin kusan maki 1 a lambar sama ta awon jini, da bugun zuciya kusan 3 a minti. Amma matsakaici yana ɓoye mutumin da nasa ke yin tsalle, kuma ba wanda ya san ko shi ne sai an auna. A ƙarshen 2023 kwamitin kula da illolin magunguna na Tarayyar Turai ya yi gargaɗi kan wasu larurori biyu na jijiyoyin ƙwaƙwalwa da aka gani a masu shan pseudoephedrine. Ba kasafai suke faruwa ba, amma suna da haɗari, don haka aka ce kada mai hawan jini mai tsanani ko wanda bai daidaita ba, da mai ciwon ƙoda mai tsanani, su sha shi. Faransa ta ƙara gaba: tun Disamban 2024 ba a sayar da shi sai da takardar likita. Kafin su, akwai wani ɗan gidansu, phenylpropanolamine, da Amurka ta sa aka janye daga kasuwa a 2000 saboda alaƙarsa da zubar jini a ƙwaƙwalwa. Idan ka ga wannan sunan a jikin wani tsohon kwali, ka jefar.

Ban da masu hawan jini, akwai waɗanda haɗin bai dace da su ba sai da izinin likita: mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai maƙoƙon da ke aiki fiye da kima, mai ciwon suga, da mai hawan jinin ido. Dattijon da furostet ɗinsa, wato tsokar da ke ƙasan mafitsarar namiji, ta kumbura, fitsari ke fita da ƙyar, shi kam haɗin Piriton da pseudoephedrine yana iya rufe masa fitsarin gaba ɗaya a dare ɗaya, domin ɗaya yana kashe ƙarfin mafitsara, ɗaya kuma yana tsuke bakinta. Sai an kai shi asibiti an sa masa roba. Mai juna biyu ta guji masu buɗe hanci na ƙwaya, musamman a watanni ukun farko. Mai shayarwa ma haka, don an auna an ga ƙwaya ɗaya ta miligiram 60 tana rage ruwan nono da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ke shan magungunan ajin MAOI, na ciwon damuwa ko na ciwon karkarwa, ba zai kusance shi ba sai bayan kwana 14 da daina su.

Idan kuma phenylephrine ka gani a kwalin naka, to labarinsa daban ne, har da ɗan ban dariya. A 2006 Amurka ta yi dokar da ta mayar da pseudoephedrine bayan kanta, sai da katin shaida ake sayen sa, kuma ba a ba mutum fiye da giram 3.6 a rana, saboda ana sarrafa shi a yi ƙwayar maye ta methamphetamine. Sai kamfanoni suka koma zuba phenylephrine a madadinsa don kayansu su ci gaba da zama inda kowa zai miƙa hannu ya ɗauka. A Satumban 2023 kwamitin masana na FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ya zauna, su 16 duka suka amince cewa phenylephrine na haɗiya ba ya buɗe hanci a ƙa'idar da ake shan sa, domin hanji da hanta suna lalata shi, abin da ke isa jini bai taka kara ya karya ba. A Nuwamban 2024 hukumar ta gabatar da shawarar cire shi daga jerin magungunan buɗe hanci na haɗiya. Wannan hukunci bai shafi na fesawa a hanci ba. Ni dai a ganina, kuɗin da za ka kashe a kansa gara ka sayi abin da zai yi aiki.

Mu dawo kan na ɗigawa, don shi ne ya fi kama ka. Xylometazoline yana aiki cikin 'yan mintuna, kuma daɗin buɗewar da yake bayarwa shi ne tarkonsa. Idan aka wuce 'yan kwanaki ana sawa, jijiyoyin sai su saba da shi. Da ƙarfinsa ya sake, sai su buɗe fiye da da, hanci ya toshe fiye da farko, mutum ya sake ɗigawa, tazarar kuma ta dinga raguwa: daga sau biyu a rana zuwa sau huɗu, zuwa ajiye kwalba a ƙarƙashin matashi. Kamar mai cin bashi ne don ya biya bashi. Bayanin da ka yi, cewa yana buɗewa amma ba ya jimawa, shi ne ainihin siffar wannan larura. Akwai masu shekaru a cikinta suna zaton alajinsu ne ya ƙi jin magani.

Fita daga ciki sai da haƙuri. Wasu suna yankewa lokaci guda, su jure toshewa mai tsanani ta kwanaki kaɗan zuwa mako ɗaya ko biyu. Wanda ba zai iya ba, ya daina sawa a ƙofar hanci ɗaya, ya ci gaba da ɗayar har ta farkon ta warware, sannan ya daina gaba ɗaya. Ko wacce ka zaɓa, ka fara maganin da tun farko ya kamata a ce shi aka ba ka, wato na fesawa a hanci mai sinadarin siteroyid: fluticasone, ko mometasone, ko beclometasone. Ga wanda alajinsa ke ɗaukar watanni kuma toshewa ce babbar damuwarsa, wannan ya fi antihistamin na ƙwaya, ya fi haɗin ma, domin kumburin kansa yake kashewa tun daga tushe, ya rage atishawa da yoyo da toshewa gaba ɗaya. Mutane suna jin sunan siteroyid su tsorata, suna tuna dexamethasone da prednisolone da ake sha ana kumburin fuska. Ba ɗaya ba ne; abin da ke shiga jini daga feshin hanci ɗan ƙanƙani ne. Waɗancan ƙwayoyin ne abin gudu, kuma kada ka yarda a sa maka su a haɗin mura.

Matsalarsa ɗaya ce, ba ya gaggawa. Sai ya yi kwanaki kafin ka fara jin bambanci, cikakken aikinsa kuma yana iya kai mako biyu, shi ya sa da yawa suke yar da shi a kwana na uku su ce ba ya aiki. Kullum ake fesa shi, ko hanci a buɗe yake. Yadda ake fesawar ma yana da muhimmanci: ka fyace, ka ɗan sunkuyar da kai, ka riƙe kwalbar da hannun dama don ƙofar hagu, da hannun hagu don ƙofar dama, bakinta ya kalli wajen kunne, ba bangon tsakiya ba. Fesa wa bangon tsakiya ne ke kawo haɓo, ballantana a hunturu da hanci ya riga ya bushe. Kada ka zuƙa da ƙarfi; idan ka ji ɗacinsa a maƙogwaro, ya wuce inda ake son sa.

Kafin feshin, ka wanke hancin da ruwan gishiri: rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ba a tula ba. Shaƙa ruwa a hanci ba baƙon abu ba ne ga mai alwala, bambancin kawai gishirin yana hana zafi, yana kuma kwance busasshiyar majina da ƙurar da ta maƙale. Takunkumi idan za ka hau babur ko shiga kasuwa, da yayyafa ruwa kafin shara, da shanya katifa a rana, suna rage abin da maganin zai yi fama da shi.

Da a gabana kake, ga yadda zan tsara maka. Maganin murar nan ka ajiye shi yau. Ka je a auna jininka. Cetirizine miligiram 10 da dare ya ci gaba, ko loratadine miligiram 10 da safe idan cetirizine yana sa ka kasala. Feshin siteroyid kullum har ƙarshen ƙura, na ɗigawa kuma a yaye shi. Idan wata rana toshewa ta yi tsanani, ga tafiya ko wani aiki a gabanka, kuma awon jininka lafiya lau, sai ka sha pseudoephedrine shi kaɗai na kwana biyu ko uku, da safe da rana. Na fi son a sayi kowanne daban maimakon curarriyar ƙwaya, domin ta haka ne za ka iya ajiye ɗaya ka ci gaba da ɗayan. Baɗi kuma, in Allah ya kai mu, ka fara feshin mako biyu kafin lokacin da ka saba kamuwa, kada ka jira sai hanci ya rufe.

Yaro mai shekara 4 kada a ba shi rabin ƙwayar murar nan, ko kwata. Tun 2009 hukumar magunguna ta Birtaniya ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 6 magungunan mura da tari masu ɗauke da masu buɗe hanci da antihistamin na tsohon yayi, saboda ba a ga amfaninsu a yara ba, an kuwa ga illa: bugun zuciya, firgita, ruɗewa. Promethazine, da wasu iyaye ke ba jarirai don su yi barci, yana iya danne numfashin ɗan ƙasa da shekara 2. Idan alaji ne ke damun yaron, akwai cetirizine da loratadine na ruwa da ake auna wa yara gwargwadon shekaru da nauyi, ga kuma ɗigon ruwan gishiri. Amma a fara kai shi a duba, domin yaron da ke kwana baki buɗe yana minshari, ko yake tari da dare ƙirjinsa na fito, yana iya zama kumburin tsokar bayan hanci ne ko asma, kuma alajin hanci da asma sukan zo tare.

Kai ma akwai alamun da ba na kemis ba ne. Ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, ko ruɗewa, ko gani dishi-dishi, ko farfaɗiya bayan shan pseudoephedrine, a daina shi nan take a nufi asibiti. Haka ciwon ƙirji da rufewar fitsari. Kumburin leɓe ko harshe tare da sarƙewar numfashi allurar adrenalin yake buƙata cikin gaggawa, Piriton ba zai tare shi ba. Idan kuma ƙofar hanci ɗaya ce kullum a toshe, ko majina na fita da jini a kai a kai, ko ka daina jin ƙamshi, ko ka yi wata guda kana feshin daidai ba canji, to ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ciki, don tsiro a hanci da karkacewar bangon tsakiya ba sa jin ko ɗaya daga cikin magungunan nan.